Kundin Aiki: Raspberry Pi da Tsohuwar Amfilifayar Falo

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Yau na ciro Raspberry Pi 3 Model B daga aljihun tebur inda ta daɗe tana kwance. Ƙaramar kwamfuta ce a kan ɗan allo kore, faɗinsa kamar na katin banki, samfurin da aka fitar a 2016, mai RAM gigabait 1 da Wi-Fi a jikinsa. A ma'aunin kwamfutocin yau ba wani abin a zo a gani ba ne, amma kunna kiɗa ba ya cin ƙarfi, ko kaɗan ba za ta ji nauyinsa ba.

Ga abin da ya tayar da aikin. A falo akwai amfilifaya da manyan lasifika biyu na katako da mahaifina ya bar mini. Sautinsu na nan garau. Na'urar CD ɗin da ke haɗe da su ce ta daina karanta faifai, sai faya-fayai 140 suka koma kwali, yara kuma suna jin waƙa ta bakin waya, sauti siriri kamar kukan sauro. Abin yana damuna duk lokacin da na shiga falon na ga lasifikan a tsaye shiru. Burina shi ne kowa a gidan ya ɗauki wayarsa ya zaɓi waƙa, ta fito daga waɗannan lasifikan, ba tare da an kira ni ba. Idan sai ina nan abin zai yi aiki, to ban gama ba.

Akwai manhajojin da aka riga aka haɗa don wannan aiki, irin su Volumio da moOde da piCorePlayer: ka zuba a katin memori, ka kunna, shi ke nan. Na zaɓi doguwar hanya, wato Raspberry Pi OS Lite wadda ba ta da fuska mai hotuna sai rubutaccen umarni, sannan in ɗora MPD, manhajar kunna kiɗa, da hannuna. Ina so in san kowane ɓangare, domin ranar da wani abu ya tsaya in san inda zan taɓa.

Da Raspberry Pi Imager na rubuta katin. A nan na sa wa na'urar suna `kida`, na saka bayanan Wi-Fi, na buɗe SSH, hanyar ba ta umarni daga wata kwamfuta, na ƙirƙiri sunan shiga, tunda tun 2022 aka daina sakin manhajar da tsohon sunan nan `pi`. Ban haɗa mata allon kallo ko madannai ba. Minti biyu da kunnawa na shiga ta `kida.local` daga laftof.

Da dare na gwada ramin sauti na milimita 3.5 da ke jikin allon. Waƙa ta fito, amma da na ɗaga murya sai ga wani "shiii" a ƙarƙashinta, musamman inda kiɗan ya lafa. Haka aka ƙera ramin: babu cikakken DAC a bayansa, wato guntun da ke mayar da lambobi su zama sauti. Ana kunna wuta ne ana kashewa da matuƙar sauri, dabarar da ake kira PWM, sai a tace. Ya isa a ji sanarwa ko a gwada abu. Bai isa waɗannan lasifikan ba. Na yi odar allon DAC.

Lahadi, 8 ga Satumba

Jan fitilar allon tana ɗaukewa tana dawowa. Na buga `vcgencmd get_throttled`, ta ba ni `0x50005`. Ma'anarsa wutar da ke shigowa ta yi ƙasa yanzu, ta kuma taɓa yin ƙasa tun da aka kunna, har na'urar ta rage gudunta don ta kare kanta. Tana fara wannan kukan ne idan wuta ta sauka ƙasa da kusan 4.63V.

Tsohuwar cajar waya na sa mata da wani siririn kebul. Pi 3 tana son 5.1V da 2.5A. Na canza kebul zuwa gajere mai kauri, ta ɗan yi sauƙi. Da na sa caja mai cikakken ƙarfi sai amsar ta koma `0x0` ta zauna. Duk wanda zai fara irin wannan aikin, ya fara daga nan. Ƙarancin wuta yakan ɓuya a bayan matsaloli da yawa da mutum zai yi ta ɗora wa manhaja.

Asabar, 14 ga Satumba

DAC ya iso. Ƙaramin allo ne da ke zama a kan fil 40 ɗin Pi kamar hula, yana ɗauke da guntun PCM5122 na Texas Instruments da ramukan RCA biyu, ja da fari. Sauti yana isa gare shi ta hanyar I2S, tsarin da kamfanin Philips ya fitar a 1986. Layuka uku ne ke ɗaukar aikin: fil na 12 yana ba da bugun agogo, na 35 yana faɗin ko na hagu ne ko na dama, na 40 kuma shi ke ɗauke da lambobin sautin kansu. Na zaɓi PCM5122 a kan ɗan'uwansa PCM5102A saboda shi yana da abin rage murya a cikinsa, ba sai manhaja ta taɓa lambobin ba.

Na kashe wuta kafin in ɗora shi, na duba sau biyu cewa kowane fil ya shiga raminsa. A fayil ɗin `/boot/firmware/config.txt` na kashe layin `dtparam=audio=on`, na ƙara `dtoverlay=hifiberry-dacplus`, wanda ke aiki da alluna da yawa masu wannan guntun. Bayan sake kunnawa `aplay -l` ta nuna DAC ɗin a matsayin katin sauti.

Kafin gwaji na mayar da muryar amfilifaya ƙasa gaba ɗaya. Wannan guntun yana fitar da har 2.1V, kusan daidai da abin da na'urar CD ke fitarwa, kuma lasifikan da suka kai wannan shekaru ba na son su sha bugu na farat ɗaya. Na buga `speaker-test -c 2 -t wav`, na ɗaga murya a hankali. Muryar mace ta fito tana faɗin hagu da dama da Turanci, sai dai hagun yana fitowa ta lasifikar dama. Na juya kebul: ja na dama ne, fari na hagu.

Daga nan na sa waƙa ta farko. Na matsa kunnena dab da lasifika a wurin da kiɗan ya yi shiru, ban ji komai ba sai shirun. Na koma kujera na zauna har faifan ya ƙare. Ganga tana da nauyinta, muryar mawaƙi tana tsaye a tsakiyar ɗaki. Rabon da in ji lasifikan nan haka tun mahaifina yana da rai.

Asabar, 21 ga Satumba

MPD manhaja ce da ta daɗe, tun 2003. Ba ta da fuska. Tana zaune a ɓoye tana jiran umarni ta ƙofa mai lamba 6600, kowace waya ko kwamfuta a gidan tana iya ce mata kunna, tsaya, wuce. Abin da ya burge ni shi ne wayar ba ita ke ɗauke da waƙar ba. Ko an kira ka, ko batirinka ya mutu, kiɗa yana ci gaba.

Waƙoƙin za su zauna a filashin USB mai gigabait 256 da na tsara da ext4. Na saka shi a `fstab`, fayil ɗin da ke jera ma'adanan da na'urar ke buɗewa wurin tashi, da lambar shaidarsa ta UUID, na ƙara kalmar `nofail` don kada na'urar ta maƙale wurin tashi idan wani ya zare shi.

Abu biyu suka ci mini yamma. Na farko, MPD ta ce babu waƙa ko ɗaya alhali ina ganinsu: tana gudana ne da nata sunan, `mpd`, kuma ban ba wannan sunan izinin karanta foldar ba. Na biyu ya fi wuyar ganewa. Wani lokaci in na kunna sauti ya fito, wani lokaci shiru. Ashe lambar katin sauti ce ke canzawa, yau DAC ne na 0, gobe sautin HDMI ya riga shi. Na daina kiran katin da lamba, na kira shi da sunansa a `mpd.conf`, na kuma ƙara `noaudio` a layin `vc4-kms-v3d` don HDMI ya fita daga lissafi. Abin rage muryar guntun sunansa `Digital` a `alsamixer`, shi na ba MPD.

28 ga Satumba zuwa 5 ga Oktoba

Kwashe faya-fayai. Na ɗauka wannan ne ɓangare mai sauƙi, sai ga shi ya fi duk sauran cin lokaci.

CD yana ɗauke da sauti da aka auna sau 44,100 a daƙiƙa, kowane awo bit 16, layi biyu. Idan aka lissafa ya kai kilobit 1,411 a daƙiƙa, kusan megabait 10 a minti. Ina ajiye su a FLAC, tsarin da ya fito a 2001, wanda ke matse fayil ya ragu da kusan rabi ba tare da zubar da komai ba. MP3 yana zubar da abin da yake ganin kunne ba zai lura ba. Ba na raina MP3 mai kyau, amma faifan da ya riga ya fara tsagewa wataƙila wannan ne karo na ƙarshe da zai karantu, don haka ina son kwafin da ya yi daidai da shi bit da bit.

A laftof nake yi da `abcde`, wadda ke amfani da `cdparanoia` wurin sake karanta inda ya karce. Faifai mai lafiya minti kaɗan ne. Mai rauni yakan kai awa, injin yana ta gurnani yana komawa wuri ɗaya. Wanke su da ruwa da ɗan sabulu, a goge daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, ya ceto guda shida. Uku sun ƙi gaba ɗaya.

Babban aikin shi ne sunaye. MPD ba ta kallon sunan fayil wurin jera waƙoƙi, bayanan da ke cikin fayil ɗin take karantawa: mawaƙi, kundi, lamba, shekara. Manhajar MusicBrainz Picard tana cike waɗannan da kanta idan faifan yana rumbunsu. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nawa babu su a can, sai da na ɗauki kwalin kowanne ina kwafa da hannu. A nan na ga illar sakaci: mawaƙi ɗaya ya fito sau huɗu a jeri saboda an rubuta sunansa iri huɗu, wani da babban baƙi, wani da tazara a ƙarshe wadda ido ba ya gani. Kundin da mawaƙa da yawa suka haɗu a kai kuma ya watse gida goma, har sai da na cike gurbin `albumartist` da suna ɗaya.

Sai tsofaffin MP3 da na tara shekara da shekaru. Duk sunan da ke da ɗ ko ƙ ko ɓ ya koma alamar tambaya. Dalili shi ne tsohon tsarin rubuta bayanan MP3, ID3v1, baƙaƙen Latin-1 kawai ya sani, kuma haruffa masu ƙugiya ba sa ciki. Ga shi gurbin suna ba ya wuce baƙi 30, don haka dogayen sunaye duk an datse musu wutsiya. Na mayar da su ID3v2.4 mai UTF-8, tsarin da ya san haruffa masu ƙugiya, na sake rubuta sunayen ɗaya bayan ɗaya. FLAC ba shi da wannan ciwon, da UTF-8 aka haife shi. Dare uku na yi a kan wannan kaɗai, kuma ban yi da-na-sani ba. Wanda ya buɗe waya ya ga "Track 07" da alamomin tambaya, ajiye ta zai yi ya koma inda ya saba.

A ɗaya daga cikin kwalayen na tarar da rubutun mahaifina da biro, ya ja layi a ƙarƙashin waƙa ta huɗu. Na buɗe jeri na musamman, na fara da ita.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Na ɗora myMPD don a riƙa sarrafawa ta burauza ba sai an sauke komai ba. A wayata kuma ina amfani da M.A.L.P. Na miƙa wa babbar 'yata ta gwada, ko minti biyar ba a yi ba ta dawo.

"Baba, ya ce ba a samu shafin ba."

Wayarta tsohuwar Android ce da ba ta gane adireshin da ya ƙare da `.local`. Na shiga rauta na kafe wa Pi lambar IP guda wadda ba za ta canza ba, na ajiye mata shafin a fuskar waya kamar manhaja. Da yamma ta sake zuwa: shafin yakan daskare, sai an jira kafin ya amsa. Na lura kiɗan da ke fitowa daga filashi ba ya yankewa ko kaɗan, rediyon intanet ne kawai ke sarƙewa. Wannan ya nuna mini matsalar a Wi-Fi take. Pi 3 Model B zangon 2.4 GHz kaɗai take kamawa, inda rautocin maƙwabta suke cunkushe, ga kuma tsarin tanadin wuta da ke sa Wi-Fi ɗin gyangyaɗi. `iw wlan0 set power_save off` ya rage abin sosai. Na gwada tashoshi 1 da 6 da 11, su ne ba sa hawa kan juna. A ƙarshe dai na ja kebul na Ethanet ta bayan kabad, tunda rautar ba ta da nisa. Tun daga lokacin shiru kake ji.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ƙanwar matata tana da iPhone, don haka na ƙara `shairport-sync` don AirPlay, hanyar da iPhone ke bi ta tura sauti zuwa wata na'ura. Da ta tura waƙa MPD na cikin aiki, babu abin da ya fito, rajista ta nuna katin sauti yana hannun wani. Haka ne kuwa: na ba MPD katin kai tsaye don kada a taɓa sautin, kuma ƙofa ɗaya ba ta ɗaukar mutum biyu a lokaci guda. A saitin `shairport-sync` akwai layin `run_this_before_play_begins`. Na sa masa `mpc stop`, umarnin da ke tsayar da MPD, na ce ya jira umarnin ya kammala. Yanzu duk wanda ya turo daga waya, MPD tana ba shi wuri.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na dawo na tarar na'urar ba ta tashi. Ƙaramin ɗana ya zare cajar ya sa wa wayar yayarsa, ya mayar, ya sake zarewa. Ba laifinsa ba ne, a idonsa caja ce kamar kowace. Katin memori ba ya son a yanke masa wuta yana cikin rubutu, kuma wannan karon tsarin fayilolin ya lalace. Waƙoƙin suna filashi, ba abin da ya same su. Saitin mako shida ne ya tafi, ban da abin da na rubuta a wannan kundin. Da shi na sake gina komai cikin awa uku, kuma kafin in yi wani abu na ɗauki kwafin katin gaba ɗaya na ajiye a laftof.

Na yi gyara biyu. Na farko maɓallin kashewa. Layin `dtoverlay=gpio-shutdown` yana amfani da GPIO3, fil na 5, idan ba a ce masa komai ba. Amma wannan fil ɗin na layin I2C ne, wanda Pi ke bi ta gaya wa PCM5122 ya ɗaga murya ko ya rage. Na mayar da shi GPIO17 da `gpio_pin=17`, maɓallin yana tsakanin fil na 11 da na 9. Abin da na rasa shi ne maɓallin ba zai iya tayar da ita ba, kashewa kawai yake yi, don GPIO3 ne kaɗai ke da wannan baiwar. Na yarda da hakan.

Na biyu ya fi muhimmanci, domin yaro ba zai tuna da maɓalli ba. A `raspi-config` na kunna tsarin da ke mayar da katin na karatu kawai, duk rubutu ya tafi RAM ya ɓace idan an kashe. Rumbun bayanan MPD da jerin waƙoƙi na kwashe su zuwa filashi don kada su ɓace su ma, kuma sai da na ƙara `recurse=0` a saitin kafin filashin ya karɓi rubutu. Na zare wuta da gangan sau biyar tana cikin waƙa. Sau biyar ta tashi lafiya.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ƙanena ya zo da fayiloli masu bit 24 da awo 96,000, yana cewa, "Yaya, in ka ji waɗannan ba za ka ƙara sauraron CD ba." Na duba `hw_params` a ƙarƙashin `/proc/asound` na tabbatar DAC yana karɓar su yadda suke. Sai na ɗauki waƙa ɗaya na sauke kwafinta zuwa ma'aunin CD, na daidaita ƙarfinsu, na juya masa baya ina kunna su a cakuɗe. Sau goma, ya canka shida. Da muka yi musanya na canka biyar. Wanda ya rufe ido ya yi ta zaɓe ma abin da zai samu ke nan.

Ban yi mamaki ba. Awo 44,100 yana ɗaukar sauti har 22,050 Hz, kunnen ɗan Adam kuma a ƙuruciya ma iyakarsa wajen 20,000. Bit 16 yana ba da tazarar kusan decibel 96 tsakanin mafi ƙarancin sauti da mafi ƙarfi, abin da falon da ake zama a ciki ba zai taɓa ƙurewa ba. Manyan lambobi suna da amfani a ɗakin haɗa kiɗa. A nan gida, janye lasifikan daga bango da taku ɗaya da muka yi bayan gwajin ya canza sautin fiye da duk fayilolinsa, shi ma da bakinsa ya faɗa.

Abin da ya kawo sauƙi na gaske shi ne ReplayGain. Tsofaffin faya-fayai muryarsu ƙasa take, na baya-bayan nan kuma an cika musu ƙarfi, sai mutum ya yi ta tashi yana murɗa amfilifaya. Na bi duk rumbun da `rsgain`, wadda ke auna ƙarfin kowace waƙa ta rubuta a bayananta ba tare da ta taɓa sautin ba. A MPD na zaɓi `album`, don waƙar da mai ita ya so ta zama mai sanyi a cikin kundi ta zauna da sanyinta.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na yi tafiyar kwana huɗu. Ban bar wa kowa bayani ba, ban kuma samu kira a kan na'urar ba. Jiya da na shigo tun daga ƙofa na ji kiɗa. Matata tana zaune tana ninke kaya, wayarta a gefe.

"Maigida, sannu da hanya. Na haɗa nawa jerin, kada ka taɓa mini shi."

Na duba da dare: jeri uku sababbi, ɗaya nata, biyu na yara. `uptime` ta nuna an sake kunna na'urar shekaranjiya, wato an zare wuta, ta tashi da kanta ba wanda ya lura. Zafinta 48°C, `get_throttled` na nan a `0x0`.

Saura faya-fayai 23 ban kwashe ba. Allon har yanzu tsirara yake a kan kabad, ƙura tana sauka a kai, yana buƙatar akwati mai ramin RCA da wurin maɓalli. Matata ta tambaya ko za a iya jin waƙa ɗaya a falo da ɗaki lokaci guda. Snapcast na yin wannan, amma sai an samu Pi ta biyu da wata lasifikar. Na auna tsayin allon da DAC a kansa, na rubuta a takarda, gobe zan yanka katakon.